Daƙiƙa Uku a Shafi na Sha Bakwai

A unguwar Banifandu ta Yamai kowa ya san Lawali yana aikin ordinatar, wato kwamfuta, amma ba wanda zai iya faɗa maka takamaimai abin da yake yi. Maƙwabta kan kawo masa wayar da ta faɗa ruwa, ko su ce ya cire musu lambar sirrin da suka manta. Yakan karɓa, ya juya ta a hannu, ya ce wannan sai masu gyara na kasuwa. Mahaifiyarsa kuwa har ta rasu abin da take faɗa wa ƙawayenta shi ne, ɗanta mai ɓata abin da wasu suka gyara ne, kuma wai shi ne aikin. Ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Aikinsa gwajin lodi. In abokan aikinsa sun gama rubuta manhaja, shi ne zai ƙirƙiri mutane na bogi a cikin na'ura, ɗari ko dubu, ya sake su a kanta gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofar filin kokawa, ya zauna yana kallon inda za ta fara nishi. Kafin ya sake su kuwa, dole a riga an amsa tambaya guda: daƙiƙa nawa mutum zai jira amsa kafin a ce manhajar ta gaza? Wannan adadi shi ne ma'auni. Da shi ake cewa an ci ko an faɗi, kuma sau da yawa wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin mutanen da za su yi jiran ba.

An haife shi a Yamai shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Iyayensa Gobirawa ne daga Tibirin Maraɗi. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Galmi yana saukewa a kasuwar Katako, kuma a bakinsa Lawali ya fara jin cewa ba a yabon mota sai ta hau tudu da kaya. Ya yi lakwal, wato firamare, a unguwa, ya yi lise, wato sakandare, ya haye gada zuwa jami'a a Harobanda ya karanta lissafi da ilimin na'ura. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa maimaita aji ba. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in aka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faɗa har da minti. Ya auri Balki, malamar lakwal, suka haifi Nura da Hafsat. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana aiki a wani ƙaramin kamfani a Gaweye, hawa na biyu, inda taga ke kallon gadar Kennedy. Mai kamfanin, Harouna, benci ɗaya suka zauna a jami'a. A gaban baƙi Lawali kan ce masa Diraktar, in su biyu ne sai ya kira sunansa.

A farkon shekarar bara kamfanin ya samu aikin da ya fi duk wanda ya taɓa samu. Ofishin da ke kula da rumbunan jini, da taimakon wasu masu agaji daga waje, yana son a daina yawon neman jini daga wannan asibiti zuwa wancan. Za a yi gajerar lamba wadda kowace waya za ta iya bugawa, har mai maɓallai. Ka sa rukunin jini, ka sa unguwa, sai amsa ta fito: akwai ledar jini a wuri kaza, an ajiye maka ita har awa ɗaya. Ranar da aka sa hannu Harouna ya sayo kilishi ya raba wa ofis duka.

Takardar sharuɗɗan aikin shafi sittin ce. Lawali ya karance ta a yini guda, ya dawo shafi na sha bakwai ya tsaya. Layi biyu ne kacal: in mutum ɗari biyu suna tambaya a lokaci guda, matsakaicin lokacin amsa kada ya wuce daƙiƙa uku. Wanda ya rubuta ya nuna lissafinsa a ƙasan shafin, kuma lissafin tsaf yake. Ya ɗauki yawan marasa lafiyar da ke buƙatar jini a rana mafi muni ta damina, ya ninka shi biyu don kariya, sannan ya ba kowane mara lafiya mutum ɗaya mai tambaya.

Lawali ya san inda lissafin ya karye. Shekara shida kafin nan, a watan Satumba, palu, zazzaɓin cizon sauro, ya shanye jinin Hafsat cikin kwana uku. Tana da shekara huɗu da wata biyu. Ƙarfe goma da minti goma na safe likita ya ce a nemo leda ɗaya, rukunin O negatif. Nasa bai dace ba, na Balki bai dace ba. Ya faɗa wa yayansa, yayan ya faɗa wa gida, kafin rabin awa labari ya kai Maraɗi ya dawo. Rumbun jinin yana da layin waya ɗaya a lokacin, kuma duk sanda Lawali ya buga sai ya ji shi a cike. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya mai suna Indo, wadda ke zama a tagar rumbun da wani littafi mai baƙin bango cike da lambobin masu ba da jini, ita ta samo musu wani tela a Bukoki. Ledar ta iso ƙarfe uku saura minti ashirin. Hafsat ta cika ƙarfe biyu da minti biyar.

A zaman makoki masu ta'aziyya suka yi ta cewa, wallahi na yi ta buga lambar rumbun, a cike take. Ba da niyya ba ya fara ƙirga su. Talatin da ɗaya. Kawunnai, gwaggonni, abokan aikin Balki, limamin unguwa, mai shagon bakin layi. Layin da ya yi ta samu a cike, nasa ne suka cika shi, kowa kuma don ƙauna. Bai faɗa wa Balki wannan lissafi ba, bai faɗa wa kowa ba, don bai ga wanda za a ce ya yi laifi ba. A garin nan in ɗan wani ya kwanta, wanda ya naɗe hannu shi ne abin zargi.

Saura abu ɗaya da bai sani ba: mutumin da hankalinsa ya tashi, daƙiƙa nawa zai yi yana kallon waya kafin ya kashe ya sake bugawa? Kowane sake bugawa sabuwar tambaya ce a kan na'ura, ta farkon kuma tana nan a layi ba ta fita ba. Ran wata Asabar a watan Yuni ya shirya lambar gwaji yadda za ta yi shiru da gangan, ya ɗauki tsohuwar wayar Balki mai maɓallai, ya hau moto, wato babur, ya tafi Saga a bakin gari. Ya tarar da manoman shinkafa suna hutawa a gindin mangwaro kusa da magudanar ruwa. Ya yi sallama, ya roƙe su su buga, shi kuma yana riƙe da agogo.

Wani dattijo Bazabarme ya tambayi asalinsa. Da ya ji Tibiri sai ya tafa hannu, don Gobirawa abokan wasansu ne.

"Bagobiri da agogo! Yau mun ga abu. Ku da ba ku san rana ta yi ba sai ciki ya yi ƙara."

"Baba, buga dai. Ai mu muka koya muku ƙirga buhunan shinkafar nan."

"Kun koya mana yadda ake cinye ta dai."

Dattijon ya buga, ya kai wayar kusa da ido, ya girgiza ta, ya danna ja. Daƙiƙa huɗu.

"Me ya sa ka kashe?"

"Ba ta yi magana ba."

"Da jikanka ne a kwance fa?"

Dariya ta bar fuskar dattijon. "Da jikana ne, wannan hannu yana bugawa, wannan ma yana bugawa da wayar maƙwabci."

Mutum ashirin da uku ya gwada ranar, maza da matan da suka kawo musu abinci gona. Ba wanda ya kai daƙiƙa bakwai.

Ran Litinin ya yi gwaji biyu. Na farko yadda takarda ta ce: mutum ɗari biyu, kowa ya tambaya sau ɗaya ya jira da ladabi. Matsakaici ya ba da daƙiƙa ɗaya da rabi. A na biyu ya ba kowane mara lafiya dangi goma kawai, ya sa kowannensu ya sake bugawa in daƙiƙa biyar ta wuce. Matsakaici ya tashi zuwa biyu da ɗigo takwas, har yanzu ƙasa da uku, allo kore shar. Amma a cikin kowace tambaya ɗari, sha takwas ba su samu amsa ba sam. Kamfanin waya yakan yanke layi in an yi daƙiƙa ashirin shiru, tambayar da aka yanke kuwa ba ta da lokacin amsa, saboda haka ba ta shiga lissafin matsakaici.

Ya rubuta nasa ma'aunin a takarda ɗaya. In mutum dubu biyu masu sake bugawa suna kan layi, tambaya casa'in da biyar cikin ɗari su samu amsa kafin daƙiƙa huɗu, kada a yanke ko ɗaya, a kuma auna daga ƙaramar waya a Saga inda rezo, wato sabis na waya, ke zuwa yana tafiya. Ya kai wa Harouna.

Harouna ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa.

"Mun ci gwajin takarda ko ba mu ci ba?"

"Mun ci."

"To alhamdulillahi. Wannan kuma wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Lawali, kai ko biki aka gayyace ka sai ka leƙa tukunya ka ce gishiri bai ji ba. Gyaran zai ɗauki kwana nawa?"

"In za a haɗa tambayoyin mara lafiya ɗaya su zama ɗaya, a canja yadda na'ura ke jera layi, wata biyu. Ko uku."

"Ran talatin ga Yuli za a karɓi aiki. An buga katin gayyata. Da babu gara ba daɗi, ɗan'uwa."

"Ba babu ake da ita ba yanzu. Akwai Indo da littafinta. In aka kunna wannan za a rufe tagarta, yana nan a shafi na arba'in."

Harouna ya shafa fuska da hannu biyu. Yana cikin waɗanda suka raka Hafsat maƙabarta, yana kuma cikin talatin da ɗayan nan, ko da yake bai sani ba.

"Zo ka faɗa wa Madam da bakinka," ya ce. "In ta yarda, ni na yarda."

Madam Aïchatou ita ce shugabar aikin a ɓangaren ofishin. Likita ce da ta bar duba marasa lafiya ta koma takardu, mace mai saurin fahimta da ƙarancin lokaci. Ta karɓe su da hantsi. An ɗauke wuta, injin bayan gini fanka kawai yake iya juyawa. Ta saurari Lawali har ya gama, tana kaɗa alƙalami, sannan ta kira shi da Mushe, wato Malam a Faransanci.

"Mushe Lawali, ni abin da na sani mwayen ne, matsakaicin maki. Tun muna lakwal, wanda ya samu mwayen ya wuce. An ce uku, kun kawo ƙasa da uku. Ina matsalar?"

Bai yi mamaki ba. Duk wanda ya bi ta lakwal a ƙasar nan da mwayen aka rene shi. Ita ke raba mai wucewa da mai maimaitawa, ita iyaye ke tambaya tun yaro bai ajiye jaka ba. Su ukun da ke ɗakin duk da ita suka kai inda suka kai.

"Madam, a ce aji ne mai yara ɗari. Ranar jarrabawa aka hana sha takwas shiga, aka ɗauki mwayen na waɗanda suka rubuta. Ajin ya yi kyau?"

Ta ajiye alƙalamin. "Sha takwas ɗin su wane ne?"

"Ba zaɓa ake yi ba. Amma wanda rezonsa ke da rauni ya fi saurin faɗawa ciki: Saga, bayan gada, ƙauyukan bakin gari. Kuma sun fi yawa a ranar da aka fi buƙatar abin."

Ta tambaye shi inda ya samo dangi goma. Ya ce ƙirgawa ya yi. Ba ta tambayi inda ya ƙirga ba. Ta yi shekara goma sha biyu a ɗakin yara, ta san yadda baranda ke cika a kan gado ɗaya.

"Na gane," ta ce. "Wallahi na gane. Amma ka ji nawa. Layin nan ba ni na rubuta shi ba, kuma ba ni da ikon taɓa ko ɗigo a cikinsa. Sai takarda ta koma wurin masu agaji, kwamitinsu kuma sai Nuwamba yake zama. In ba a karɓi aiki a ƙarshen Yuli ba za a rufe shi, a ce mun kasa. Shekara huɗu ina bin abin nan ofis-ofis."

"To a bar tagar Indo a buɗe har damina ta wuce."

"An riga an sa hannu a takardar canja mata wuri. Rufe tagar yana cikin abubuwan da za a nuna a ce aiki ya yi nasara." Ta dube shi kai tsaye. "Rubuta abin da ka gani a liƙa a bayan rahoto. Ni da kaina zan kai shi Nuwamba."

"Satumba ke fara zuwa, Madam."

"Na sani, Mushe Lawali. Kala suru, sai haƙuri."

Da la'asar ya tarar da Balki a tsakar gida tana tsinke zogale za ta yi kwaɗon kopto. Ya jawo kujera ya ba ta labarin duka, ban da talatin da ɗayan.

"In ba ka sa hannu ba fa, Baban Nura?"

"Harouna zai sa. Takarda ta yarda Diraktar ya sa."

"Abin da za ka sa wa hannun, ƙarya ne?"

"Gaskiya ne. Tambaya ɗaya ce: ya kai ma'aunin shafi na sha bakwai ko bai kai ba. Ya kai."

Ta ci gaba da tsinka. "In kai ka sa, za a liƙa bayaninka. In shi ya sa fa?"

"Babu bayani."

"To ka riga ka san abin da za ka yi. So kake dai in faɗa da bakina don mu raba kayan." Ta tura masa faranti. "Ni ba zan faɗa ba. Tsinke wannan."

Ran ashirin da takwas ga Yuli ya sa hannu, da shafi uku na bayani a baya. Aka yi bikin a wani otal a bakin kogi. Aka buga lambar a gaban masu ɗaukar hoto, amsa ta fito kafin mai bugawa ya sauke yatsa, aka tafa. Bayan mako guda ya bi ta rumbun jini. Tagar a rufe, an liƙa mata takarda mai ɗauke da lambar da hoton waya tana murmushi. Ya samu Indo a ɗakin ajiyar magunguna, tana jera kwalaye.

"Inna Indo, ina littafin?"

"Sun karɓa, ɗana. Sun ce an zuba shi cikin na'urarku. Sun kuma ce kada in ƙara ba wani lambar wani, wai akwai doka ta sirri." Ta ɗaga kafaɗa. "Shekara sha tara ina tagar nan. Na san wanda ke Yamai, na san wanda ya tafi Kwatano, na san wanda sai an bi ta matarsa yake fitowa. Wannan ma kun zuba?"

Ya ce a'a, wannan ba a zuba ba.

Agusta ta wuce da ƴan tangarɗa. A farkon Satumba aka yi ruwa kwana uku a jere, bayan mako biyu asibitoci suka cika har baranda. Ran wata Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe, Lawali yana zaune gaban allo biyu. Na dama shi ne wanda Madam da masu agaji ke gani daga ofisoshinsu: biyu da ɗigo shida, kore. Na hagu nasa ne shi kaɗai, jerin tambayoyin da aka yanke, yana gudu kamar ruwa a kwata. Ashirin da ɗaya cikin ɗari. Ya yi abin da hannunsa zai iya. Ya kashe duk wani aikin gefe da na'urar ke yi. Ya kira kamfanin waya ya roƙi a ƙara daƙiƙa goma kafin yankewa, aka ce ya rubuto wasiƙa. Adadin ya sauka zuwa sha tara, ya tsaya nan.

Sai bayan la'asar, da abin ya lafa, ya bi jerin layi-layi. Idonsa ya kama wata lamba daga Saga. Sau goma sha huɗu ta buga tsakanin sha ɗaya da minti shida da sha ɗaya da minti ashirin da tara, tana neman rukunin B, ba a amsa mata ko sau ɗaya ba. Wasu lambobi tara daga wurin suna neman rukuni guda a cikin mintunan nan. Duk wannan lokaci wani rumbu mai nisan kilomita shida yana da leda huɗu na B.

Dokar aiki ta hana kiran lambar da aka gani a na'ura. Ya fita baranda ya kira. Muryar tsoho ce ta ɗauka, Hausarsa da harshen Zabarma, ana jin taron mutane a bayansa.

"Salamu alaikum. Baba, ɗazu kun nemi jini. An samu?"

"Alaikumus salam. Ai yanzu muka dawo daga rufe shi, ɗana. Jikana ne, ɗan shekara uku."

Lawali ya yi ta'aziyya yadda ake yi, tsohon ya amsa yadda ake amsawa.

"Mun yi ta bugawa, ba ta ce komai ba. Babansa ya hau moto ya je taga, ya tarar a rufe, mai gadi ya ce a duba waya. Wayar tawa ce tsohuwa. Yara sun daɗe suna cewa in canja, na ƙi. Ka ga abin da taurin kai ya jawo."

"Ba wayarka ba ce, Baba."

"Kai dai kana lallashina. Wa ke magana ne? Ban ajiye lambar nan ba."

"Sunana Lawali. Ni na gwada abin kafin a kunna shi. Ba wayarka ba ce."

Sai tsohon ya ce: "To Allah ya saka da alheri da kuka kira. Ashe mutanen ofis ma sun san ta'aziyya." Sai wani ya yi masa sallama a can, ya kashe.

Rahoton watan ya tafi da biyu da ɗigo shida a shafin farko. Bayanin Lawali ya zama shafi bakwai, yana baya. Kwamitin Nuwamba bai zauna ba sai Janairu. Ya yaba da aikin, ya ce a kai shi wasu jihohi da sharuɗɗan da suka riga suka nuna nasara. Gyaran layi aka sa shi a kashi na biyu, ba a faɗi ranarsa ba. Aka canja wa Madam Aïchatou ofis, Indo ta yi ritaya ta koma garinsu. A watan Maris aka miƙa na'urar gaba ɗaya ga masu ita, aka rufe wa kamfanin hanyar shiga, allon hagun ya tafi da ita. Lawali yana nan a Gaweye, yanzu manhajar wata makaranta yake gwadawa. Shi da Harouna suna gaisawa, suna cin dambu a kwano ɗaya, ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Bana, a ƙarshen Agusta, ran Juma'a ana shirin tafiya masallaci, aka buga masa ƙofa. Zeinabu ce, matar maƙwabcinsu, mayafi a hannu. Autarsu Farida na asibiti, an ce jini, sun buga lambar ba ta amsawa, shi da yake ɗan ordinatar ya zo ya gani.

Ya tarar da tsakar gidan a cike. Kakar yarinyar, ƙannen uban, ƴan haya, har mai gawayin bakin layi, kowa da waya a hannu, yana dannawa yana kashewa yana sake dannawa. Ya ɗaga murya, abin da ba a san shi da shi ba.

"Don Allah ku saurara. Mutum ɗaya ya buga, saura ku ajiye waya. In ya buga kada ya kashe, ya jira. Yawan bugawar ne ke toshe ta."

Aka juyo ana kallonsa. Kakar ta sauke wayarta rabi.

"Lawali, jikata na kwance, ka ce in naɗe hannu in zauna?"

"Inna, minti biyu kawai."

"To mu mun ajiye. Danginmu na Talladje fa? Na Harobanda fa? Ai duk an gaya musu. Su ma za ka je ka hana su?"

Lawali ya nuna Zeinabu ya ce ita ta buga. Duk da haka gidan ya yi tsit, wayoyi a kan cinya, ido duka a kan ta hannun Zeinabu. Daƙiƙa biyar. Goma. A ta ashirin rubutun ya ɗauke, fuskar wayar ta koma agogo. Zeinabu ta saki wani ɗan sauti a maƙogwaro, nan take tsakar gidan ya sake cika da ƙarar maɓallai. Balki na tsaye a bakin ƙofa da tata wayar, ba ta dube shi ba, tana bugawa.

Lawali ya dubi Balki. Sannan ya sa hannu a aljihun rigar Juma'arsa, ya ciro tasa, ya danna lambar.